Laccar talauci a jami'a da tambayoyin da ba a kai ga yi

Duk mai bibiyar harkokin manyan makarantu tsakanin Kaduna da Zariya ya san ba a rasa baƙon malami. Yau jakadan wata ƙasa ne, gobe jami'in Bankin Duniya ko na wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya, jibi kuma ɗanmu ne da ya daɗe yana koyarwa a Ingila ko Amurka, ya zo hutu aka roƙe shi ya ɗan yi wa ɗalibai magana. Wurin ya dace da haka. Ga Jami'ar Jihar Kaduna, ga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, ga Gidan Arewa a titin Rabah, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, sannan daga Abuja, inda ofisoshin jakadanci suke, awa biyu da 'yan kai ne a jirgin ƙasa mutum ya sauka a Rigasa. Cikin batutuwan da suka fi yawan hawa takardar gayyata akwai talauci a duniya da hulɗar ƙasa da ƙasa.

Ba na cikin masu cewa ɓata lokaci ne. Ɗalibin da bai taɓa fita Najeriya ba ya zauna gaba da gaba da mutumin da ya halarci zaman cinikin bashi ko na kasuwanci, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Damuwata ita ce yadda ake raba batun gida biyu, kowanne a kawo shi a faranti daban. Talauci ya zo a matsayin lissafi: mutum miliyan kaza, kashi kaza cikin ɗari, layi yana sauka a allon majigi. Diflomasiyya kuma ta zo a matsayin tarihi da alfahari: Najeriya ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoba 1960 a matsayin mamba ta 99, Joseph Garba ya shugabanci babban zauren a 1989, Tijjani Muhammad-Bande ya shugabance shi a 2019, Amina Mohammed mataimakiyar babban sakatare ce tun 2017. A tafa, a sha ruwan roba, a ɗauki hoto. Abin da ya haɗa biyun shi ake bari a ƙasa, wato cewa da yawa daga abin da ke shiga aljihun talaka ko fita daga cikinsa an taɓa yin cinikinsa a wani teburi, kuma wani ne ya zauna da sunanmu, ko kuma kujerar ta zauna babu kowa.

A fara da alƙaluman kansu. Layin talauci na Bankin Duniya mudu ne, kuma mai mudun yana sauya girmansa. A 1990 dala 1 ce a rana. A 2008 ya koma dala 1.25, a 2015 dala 1.90, a 2022 dala 2.15, a watan Yunin 2025 kuma dala 3. Sauyin ƙarshen nan, tare da sabbin bayanan da aka shigar, ya ɗaga adadin masu fama da matsanancin talauci a duniya na shekarar 2022 daga miliyan 713 zuwa miliyan 838, alhali babu wanda tukunyarsa ta ƙara ko ta ragu a ranar da aka sanar. Wannan ba ha'inci ba ne, akwai dalilai na ƙididdiga: farashi ya sauya, ƙasashe matalauta da dama sun gyara nasu layin. Amma ya kamata ɗalibi ya san mutane ne ke zama su yanke inda layin zai tsaya. Ya kuma san cewa dala 3 ɗin nan ba ta 'yan canji ba ce. Za ka ga yaro ya zaro waya yana ninka uku da farashin dala na ranar, ya ce ashe duk ajinsu matalauta ne har da malamin. Dalar da ake nufi ta ƙarfin saye ce, wato abin da kuɗin zai iya saya a kasuwar ƙasar, kuma idan aka mayar da ita naira ta yi ƙasa sosai da abin da wayarsa ta nuna masa. Ba kasafai baƙo ke tsayawa ya warware wannan ba, don yana ganin kowa ya sani.

Haka labarin nasarar da ake yawan buɗe lacca da shi. Gaskiya ne a 1990 kusan mutum biliyan 2 ne ke ƙarƙashin layin, kuma burin farko na muradun ƙarni na Majalisar Ɗinkin Duniya, na rage talauci da rabi, an cim masa tun 2010, shekara biyar kafin wa'adi. Sai dai kaso mafi tsoka na wannan nasara daga ƙasar Sin ya fito, inda kusan mutum miliyan 800 suka fita daga matsanancin talauci cikin shekara arba'in, kuma ba tallafin ƙasashen waje ne ya fitar da su ba. Gyaran noma ne, da masana'antu, da samun shiga kasuwannin duniya, musamman bayan Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disambar 2001 bayan tattaunawar kusan shekara goma sha biyar. A nan kudu da Sahara kuwa, kason ya ɗan sauka amma yawan mutanen ƙaruwa ya yi. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022, wanda ya auna har da ruwa, makaranta, asibiti da makamashin girki, ya samu mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, cikin talauci, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Layin da ke sauka a allon gaskiya ne, amma masu kallonsa a zauren ba su cikin waɗanda suka saukar da shi.

Akwai kuma abin da ladabinmu ke hana mu faɗa a gaban baƙo, cewa shi ma a bakin aikinsa yake. Jakadan da ya zo jami'a an aiko shi ne ya gyara sunan ƙasarsa a zukatan waɗanda za su riƙe ma'aikatu nan da shekara ashirin. Jami'in banki kuwa ma'aikatarsa bashi take bayarwa. Wannan bai sa maganarsu ta zama ƙarya ba, kuma ba laifi suka yi ba, mu ma abin da muke biyan jakadunmu su yi ke nan. Amma ɗalibin kimiyyar siyasa da bai gane cewa laccar da yake saurare ita kanta diflomasiyya ce ba, ya rasa darasin farko na ranar.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne Kakuri, unguwar masaƙu a Kaduna. Mai zaman Kaduna ba ya bukatar majigi kafin ya ga yadda yarjejeniyar nesa ke taɓa tukunyar kusa. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles, ga sauran. Audugar Funtuwa da Gusau da ƙauyukan Zariya nan take zuwa. Lokacin canjin aiki, tsofaffin unguwar za su gaya maka, titi cika yake da kekuna, masu abinci da masu shayi da masu gidan haya duk a jikin masaƙun suke ci. Daga cikin ma'aikatan Arewa Textiles ne Adams Oshiomhole ya taso har ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa. Yau ka bi ta wajen, dogayen katangu ne da ƙofofin ƙarfe da suka yi tsatsa, ciyawa ta fi mutum tsayi a inda manyan motoci ke juyawa, 'ya'yan masu aikin kuma suna kan babur ko Keke Napep. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007, kuma farfaɗowar da aka yi ƙoƙarin yi daga baya ba ta mayar da ita yadda take ba.

Me ya kashe su? Idan baƙon mai ra'ayin kasuwa ne, zai ce rashin iya gasa. Idan mai adawa da Turawa ne, zai ce IMF, wato Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Kowannensu ya riƙe ɓangare ɗaya. A 1985 Janar Babangida ya buɗe muhawara a kan karɓar bashin IMF, jama'a suka ce ba sa so, a watan Disamba ya ce an fasa. A 1986 sai ga shirin SAP na gyaran tattalin arziki ɗauke da kusan duk sharuɗɗan da aka ƙi, an ce na gida ne. Naira da ke kusan kafaɗa da kafaɗa da dala ta karye, kayan gyaran injin da rini da ake shigowa da su suka yi tsada, aka rushe hukumar sayen auduga ba tare da an tanadi abin da zai maye gurbinta wajen iri da tantance inganci ba. Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995. Ranar 1 ga Janairun 2005 tsarin ƙayyade yawan tufafin da kowace ƙasa za ta shigar kasuwannin Turai da Amurka ya ƙare, masaƙun Asiya suka samu fili. Duk waɗannan a teburi aka yanke su.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba Janiba, mazaunin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ce ta hana masaƙun wutar lantarki ba. Ba Washinton, mazaunin IMF, ce ta sa baƙin man da injinansu ke sha ya zama sai an sha wuya kafin a samu ba, alhali ga matatar mai a cikin garin tun 1980. Atamfar da ke biyowa ta Kwatano da Maraɗi ta sauka a Kantin Kwari ɗauke da tambarin jabu, ta gaban jami'anmu ta wuce. Kuma ƙa'idojin da muke kuka da su, a ƙarƙashinsu ne Bangaladash ta zama ɗaya daga cikin manyan masu fitar da tufafi a duniya. Dokar AGOA da Amurka ta yi a 2000 ta buɗe wa ƙasashen Afirka ƙofa ba haraji. Lesoto da Kenya suka ɗinka riguna da wanduna suka tura, mu kuwa yawancin abin da muka tura ɗanyen mai ne.

Batun auduga ma akwai darasin da ya fi wannan zafi. A 2003 ƙasashe huɗu, Binin, Burkina Faso, Cadi da Mali, waɗanda ko an haɗa tattalin arzikinsu bai kama ƙafar namu ba, suka haɗa kai suka kai ƙarar tallafin da Amurka ke ba manoman audugarta, wanda ke karya farashi a kasuwar duniya. Sun tsaya a taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Kankun har batun ya zama wanda ba a iya tsallakewa. Birazil kuma ta bi ta kotun ƙungiyar, ta yi nasara, a 2014 Amurka ta amince ta biya ta dala miliyan 300 a rufe shari'ar. Najeriya, mai masaƙu da manoman auduga, ba ta cikin huɗun. Ga abin da nake so a ce ɗalibi ya tambayi baƙo, ko ya tambayi malaminsa: su waye suka wakilce mu a lokacin, kuma wane umarni aka ba su?

Mun taɓa yin irin wannan cinikin mun ci riba, kuma abin mamaki ba a cika koyar da shi dalla-dalla ba. A 2005 Kulob ɗin Faris, wato ƙungiyar ƙasashe masu ba da bashi, na bin Najeriya bashin kusan dala biliyan 30. Ƙa'ida ba ta sa mu cikin matalautan da ake yafe wa ba, tunda muna da mai. Gwamnatin Obasanjo, da Ngozi Okonjo-Iweala a ma'aikatar kuɗi, ta bi abin ta hanyoyi da yawa lokaci guda. Ta nemi Bankin Duniya ya sauya rukunin da ya sa Najeriya, ta amince IMF ta sa ido a kan tsarin tattalin arzikinta ba tare da ta karɓi bashinta ba, ta tara rarar kuɗin mai don a ga da kuɗi a hannu take magana, ta kuma dace da shekarar da Birtaniya, wadda ta fi kowa binmu, ke shugabancin ƙungiyar G8 kuma take neman abin nunawa a kan Afirka. A watan Oktoba aka yafe dala biliyan 18, muka biya kusan biliyan 12. Har yau akwai masu cewa bai kamata ƙasa mai wannan talauci ta zuba biliyan 12 a tashi ɗaya ba, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Kuɗin da aka huta biya ne aka ware wa ofishin muradun ƙarni da Amina Mohammed ta riƙe, aka yi asibitocin karkara da rijiyoyin burtsatse da su. Ko an yarda da cinikin ko ba a yarda ba, awa ɗaya a kan yadda aka ƙulla shi ta fi lacca goma a kan muhimmancin zaman lafiya tsakanin ƙasashe.

Sannan ga Pampaida. Sau da yawa baƙo zai kawo muhawarar masana a kan tallafi, ya ce Jeffrey Sachs na ganin idan aka zuba isassun kuɗi lokaci guda za a fitar da ƙauye daga talauci, William Easterly kuma na ganin tsare-tsaren da ake yi daga sama ba sa aiki. Zai faɗe ta kamar labarin wata duniya. Alhali a ƙauyen Pampaida da ke ƙaramar hukumar Ikara, a jihar nan, aka gwada ra'ayin Sachs tun daga 2006, cikin shirin ƙauyukan ƙarni da aka yi a ƙasashen Afirka goma: taki, ingantaccen iri, gidan sauro, asibiti, ciyar da 'yan makaranta, ruwan sha. Binciken da aka wallafa a 2018 a kan shirin gaba ɗaya ya nuna an samu ci gaba a fannin lafiya da noma, amma ba a iya tabbatar da cewa talaucin kuɗi ya ragu saboda shirin ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na burikan ne aka cim ma. Babban sukar da aka yi masa ita ce tun farko ba a ware ƙauyukan da za a riƙa kwatantawa da su ba. Daga Zariya zuwa Ikara ba tafiyar kwana ba ce. Ɗalibin da ya je ya duba wace rijiya ce ke ba da ruwa har yanzu, wa ke biyan ma'aikacin asibitin bayan shirin ya ƙare a 2015, manomi nawa ne suka ci gaba da sayen taki da kuɗinsu, zai shigo zauren da abin da baƙon ba shi da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma ba duka ne tarihi ba. A 2017 Bankin Duniya ya amince wa Jihar Kaduna bashin dala miliyan 350. A 2018 Majalisar Dattawa ta ƙi sa hannu, rigimar ta raba gwamna da sanatocin jihar, daga baya aka amince. A watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya fito ya ce ya gaji bashin waje na dala miliyan 587, kuma abin da ake cirewa daga kason jihar na wata-wata ya sa biyan albashi na neman gagara. A ajiye siyasar gefe, wadda kowa a garin nan yana da ɓangarensa a cikinta. Abin da ya shafi ɗalibi shi ne yadda abin ke aiki. Bashin Bankin Duniya mai sauƙin ruwa ne da dogon wa'adi, wannan gaskiya ne. Amma da kuɗin waje ake biyansa, jihar kuma naira take samu. Da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin ƙasa da shekara. Ba a ƙara aron ko sisi ba, nauyin ya ninka fiye da sau uku. Wa ya kamata ya ɗauki hatsarin faɗuwar kuɗi, mai bayarwa ko mai karɓa? Me ya sa ba a ba da irin wannan bashi da naira? Tambayoyi ne da ake tafka muhawara a kansu a tarukan duniya, kuma a teburin IMF, inda Amurka kaɗai ke da sama da kashi 16 cikin ɗari na ƙuri'a, manyan shawarwari kuma sai da kashi 85, ƙasashen kudu da Sahara sai a 2024 suka samu kujera ta uku a majalisar gudanarwa.

Ga kuma abin da ya faru a 2025. Ranar da Donald Trump ya koma mulki ya dakatar da tallafin Amurka ga ƙasashen waje, cikin 'yan watanni aka rushe hukumar USAID mai raba tallafin. Birtaniya ta sanar za ta rage nata daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigarta, alhali alƙawarin da ƙasashe masu arziki suka ɗauka tun 1970 kashi 0.7 ne. Wanda ke aiki a asibiti ko a shirin ciyar da yara masu tamowa ya ga abin da ido. Duk laccar da aka rubuta kafin wannan lokaci kuma ake maimaita ta yadda take, ta tsufa.

To me ke hana a yi waɗannan tambayoyi? Wani ɓangare tsarin taron ne. An ce ƙarfe goma, a fara sha ɗaya da rabi saboda ana jiran babban baƙo na musamman. Mai gabatarwa ya bi manyan teburi ɗaya bayan ɗaya da cikakkun muƙamansu da sarautunsu, shugaban taro ya yi jawabin da ya kusa kai laccar tsawo, a karanta tarihin baƙo tun daga firamare. Lokacin da aka zo tambayoyi, direba ya riga ya tayar da mota don kada jirgi ya wuce. A ce mutum uku, a taƙaita. Na farko malami ne, ya yi tasa ƙaramar laccar. Na biyu ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, mun gode ƙwarai, ina so in san yadda ake samun gurbin karatu a ƙasarku." Ban ga laifinsa ba, ita ce tambayar da ta fi kusa da rayuwarsa. Ɗaliba da ke can baya, wadda mahaifinta ya yi shekara ashirin a masaƙa kuma har ya rasu bai karɓi haƙƙinsa na sallama ba, ba ta ɗaga hannu ba. Wataƙila Turancinta ne take jin kunyarsa a gaban Bature, wataƙila kuma ba wanda ya taɓa gaya mata cewa labarin gidansu yana cikin maudu'in.

Ba haka yankin nan ya saba ba. A shekarun 1970 da 1980 Zariya wuri ne da baƙo ke shiryawa kafin ya shiga. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman da abokan aikinsa sun yi rubutu da muhawara a kan IMF da SAP da hujjoji da alƙaluma, har gwamnatin soja ta ji zafinsu. A 1988 aka kori Patrick Wilmot, malami a Jami'ar Ahmadu Bello, daga ƙasar. Ba sai an yarda da duk abin da suka faɗa ba, ni kaina ina ganin sun fi ƙarfi wajen gano ciwo fiye da rubuta magani. Amma sun karanta takardun kafin su yi magana, kuma ɗalibansu sun koyi cewa girmama baƙo bai hana a ce masa, "Malam, a shafi kaza na rahotonku ba haka kuka ce ba."

Gyaran ba ya cin kuɗi. Sashen da ya gayyato baƙo ya nemi takardarsa mako biyu kafin ranar, a raba wa ɗalibai, a zauna a kanta a aji. A sa malami ɗaya na gida ya mayar da martani na minti goma da misalin jihar nan. A rage jawaban maraba, a ba tambayoyi rabin lokacin, wanda ya fi sakewa da Hausa ya yi da Hausa a fassara wa baƙon, tunda a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ma da tafinta ake aiki. Idan baƙon zai kwana, washegari a sa shi a mota a zagaya da shi Kakuri, a haɗa shi da shugabannin ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, waɗanda hedikwatarsu ke nan Kaduna, su zauna awa ɗaya ba tare da majigi ba.